Awon 'Yata

A shagon wani tela a Tudun Wada na ga fim ɗin, ana saura kwana tara Sallah. Yadi biyu na atamfa na kai a ɗinka wa 'yata, wadda ke hannun uwarta a Shamaki tun da muka rabu. Telan yana da 'yar talabijin a saman kabad. Masu jiran ɗinki sun cika benci, azumi ya galabaitar da kowa amma ana ta dariya.

Labarin miji da mata ne da suka rabu, kowa ya kama gabansa, yara suna ta watangaririya tsakanin gida biyu. Akwai inda aka kira uban zuwa makaranta, ya tsaya a ƙofar aji uku na firamare yana ƙwala wa ɗansa kira, alhali yaron ya shekara biyu a sakandare. Na yi dariya har da buga cinya. Har yau ina jinjina wa wanda ya tsara fim ɗin nan. Ko zagi ɗaya bai sa an yi wa uban ba, ya bar shi kawai tsaye da alawa a hannu, sai ga bencinmu ya yi tsit.

Tela ya ce, "Malam, ina awon?"

Ni direba ne, Gombe zuwa Kwadon, ina na san wani awo? Na yi yadda iyaye maza suka saba, na miƙa tafin hannu daidai ƙuguna. "Kamar haka take."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaushe rabonka da ita?"

Na naɗe atamfata, na tari ɗan acaɓa sai gidan kakanta inda take zaune da uwarta, ban ma san ko za ta yarda ta fito ba.

Ta fito. Budurwa ce ta shigo zauren cikin hijabi ruwan toka, tsayinta ya kai kafaɗata, tafiyarta sak ta mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ikon Allah kawai nake kallo, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ta durƙusa ta gaishe ni a natse, da muryar da ban taɓa ji ba, ta tambaye ni ibada da hanya. Kunya ta rufe ni, na miƙa mata ledar.

Ta warware atamfar, ta duba tsawonta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba.

"Na gode, Baba. Za ta yi ɗankwali mai kyau."