Shayin Goggo Asabe a Kafet ɗin Mutane

Ku da kuka zauna Riyad a shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, kun san Goggo Asabe ba ta taɓa shanye shayinta ba. Rabi a cikinta, rabi a kafet ɗin masu gida.

Ita ce shugabar ƙungiyarmu ta mata masu nema wa marayu gidan riƙo. Ni kuwa, Binta, 'yar ƙaninta ce, aikina riƙe mata jaka da ba mutane haƙuri. Lokacin mazanmu na tururuwa aikin gini da tuƙi, in mutuwa ta gitta sai a bar yaro ba dangi kusa. Duk wanda ya ce yana son riƙo, Goggo sai ta faɗo masa ba sanarwa. A kawo shayi, ta kurɓa, sannan ta karkata kofin a hankali, idonta ƙur a kan fuskar masu gida.

"Wanda ya ji zafin shayi a kafet," in ji ta, "yaya zai yi da fitsari a katifa?"

Wadda ta fi jawo wa kafet-kafet ɗin Riyad wahala ita ce Jummai, 'yar shekara huɗu. Uwarta ta rasu tun tana goye, ubanta ya faɗo daga wani gini a unguwar Ulaya, shi ma ya rasu. Ƙungiya ta yanke cewa in ba a sami gida ba kafin alhazai su koma, za a haɗa ta da su a kai wa wani kawu da ko sunan garinsa ba mu tabbatar ba. Ni kuwa ina son yarinyar nan har cikin raina. Shekarata tara da aure ko ɓari ban taɓa yi ba. Amma ɗakinmu ɗaya, mijina direba, sai na kasa cewa a ba ni ita.

Mun fara da gidan wani ɗan kwangila a unguwar Badi'a, kafet ɗinsa ƙafa nutsewa take a ciki. Goggo ta karkata kofi. Matar gidan ta zabura tana kiran a kawo tsumma, maigidan ya leƙo daga bayan labule.

"Hajiya, daga Farisa fa aka kawo shi!"

"To, Allah ya mai da shi gida lafiya. Binta, yalla, mu tafi."

Kafin mako labari ya zaga gari. Gida na gaba muka tarar an lulluɓe kafet da leda daga bango zuwa bango, masu gida sai murmushi suke, sun gama dabara. Goggo ta sunkuya da tsufanta, ta ɗaga gefen ledar, ta tsiyaya a ƙarƙashi.

"Goggo, wannan ai neman magana ne," na ce mata a hanya.

"Shi ma yaro ta ƙarƙashi yake bi."

Wata mata a Dir'iyya kuwa hardace darasin ta yi har ta wuce malamar. Goggo na zubawa, matar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauki butar shayin ta juye saura da hannunta.

"Ma'alesh, ba komai, Hajiya, ƙara! A dafa wani?"

Goggo ta tattare ƙafafunta ta miƙe. Sai da muka fita ta ce, "Wannan in yarinya ta fasa faranti ɗaya, ita za ta fasa sauran. Mai haƙuri nake nema, ba mai taɓin hankali ba."

Ranar raina ya ɓaci. Na ce, "Goggo, gida bakwai ke nan, alhazai sun fara ɗaure kaya. Mala'ika kike nema?"

"Ke dai riƙe jaka."

A makon nan ne mijina ya shigo da wani ɗan koren kafet da kafilinsa, mutumin da yake wa aiki, ya ba shi, na farko a rayuwata. Ko takalmi ba na bari ya kusance shi. Washegari da hantsi sai ga Goggo da Jummai a ƙofa. Na dafa shayi, na gyara fuska, na tanadi murmushin da zan yi in ta karkata kofi.

Goggo ta shanye tas. Ta miƙo kofi na ƙara, ta shanye. Ta sake miƙowa, tana ta ba ni labarin ciwon gwiwarta tun daga asalinsa. Ina nan baki buɗe sai na ji ƙarar buta, Jummai ta jawo tire, shayi ya malale. Ban san lokacin da na sure ta ba. Ina juya yatsunta ɗaya-ɗaya, ina hurawa, ina cewa, "Ina ya taɓa ki? Nuna min."

Da na ɗago, Goggo har ta yafa abayarta, ga ƙullin kayan yarinya a bakin ƙofa.

"Goggo, kin manta Jummai."

"Ban taɓa mantuwa ba. Sunan ubanta Haruna, kada ki kuskura ki canja mata. Kafet ɗinki ya tashi aiki, ko kin duba?"

Ban duba ba. Na ce cikin kuka, "Da ta ƙone fa?"

"Kofi uku na sha, kina tsammanin daɗinsa nake ji? Jira nake ya huce. Tiren ma da ƙafata na tura mata. Ki rage sukari."

Bayan shekaru, ranar ta'aziyyar Goggo, Jummai ce ke raba shayi, ita da jikokin Goggo. Kofi ya suɓuce wa Jummai, ya tuntsure a kafet. Mata suka kwashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ba wadda ta tashi neman tsumma.

Allah ka ji ƙan Goggo Asabe, ka yafe mata kafet ɗin bayinka. Yadda ta ƙi barin maraya a hannun mai ɗaure fuska, Allah ka karɓe ta da rahama, ka shayar da ita daga Alkausara. Amin.