Kaka Dija, Mai Tsaron Ƙofar Gidanmu

Allah ne Ya ba mu ita, kuma Ya karɓi abarSa, mu ma can muka nufa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1446, bayan sallar azahar, Allah Ya yi wa kakata Dija rasuwa a gidanmu da ke Yargalma, bayan gajeruwar jinya. Ita ce ta haifi babanmu, Malam Yakubu. Ina Gummi, na sauke wata mata da buhun shinkafarta daga kan babur ke nan, sai waya ta same ni. Na ce wa mai kiran ya daina irin wannan wasa da ni. Ya ce, "Sa'idu, kai anka sani da wasa, ba ni ba." Na iso gida na tarar ana shirin ɗaukar makara.

Kaka, duk garin nan an san ni da tsokana, kuma ba wanda ya sha ta kamar ke. Tsakanin jika da kakarsa babu shamaki, ni kuwa na ci wannan dama har na wuce da ita. Kullum na shigo sai in ɗaga murya, "Ina amaryata? Ina tuwona?" Ki ce, "Ango marar ko albasa, tahi ka ba ni wuri." Amma tuwon yana nan a rufe da faifai, kuma nawa ne ya fi na kowa miya.

Kin koma ga Allah da haƙoranki a jere, kina shan rake kamar budurwa. Kowace safiya sai kin tara yaran gida da na maƙwabta, kin raba musu asuwakin dogon yaro, kowa ya tauna yana yamutsa fuska saboda ɗaci. In sun gama ki ce, "Buɗe in gani." Wanda ya kwana da alewa a baki, ke ce za ki fara sani kafin uwarsa. Na tuna ranar da na zo miki da ƙwayar farar masara a tafin hannu, na toshe baki ina kukan ƙarya, wai haƙorina ya faɗi. Kika karɓa, kika juya ta, kika jefa wa kaza. Kika ce, "To ga shi can cikin kaza, in ta yi ƙwai ka ɗauko abinka." Yara suka yi ta yi mini dariya har na rasa inda zan sa kaina.

Wanda bai san abin da ya faru a gidanmu ba zai ɗauka tsabar son tsabta ne kawai ya sa kike haka. Shekarar da gubar dalma ta shigo mana, ina yaro, ina ta fama da allona. An samu zinari a dajin yankinmu, maza suna kawo dutse cikin buhuna har tsakar gida, mata suna dakawa a turmin da ake dakan hatsi, ana shanya garin a kan tabarma. Ba wanda ya san akwai mugun abu a ciki. Ƙurar ta zauna a ƙasa, ta zauna a bakin randa, ta zauna a tafin hannun yara. Ƙanena Yahaya lokacin ya fara rarrafe, haƙora suna tsiro masa, duk abin da ya samu baki yake kai shi. Da ya fara zazzaɓi da amai, kowa ya ce haƙori ne. Ke ma da bakinki kin ce haƙori ne. Aka kira wanzami ya tsaga masa dasashi. Da jikinsa ya fara sanƙarewa, aka ce haƙorin ne ya zo da ƙarfi. A bayanki ya cika, kina goye da shi kina jijjiga shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Gida-gida aka riƙa fitar da ƙananan gawa a tabarma, har likitoci suka zo suka ɗibi jinin yara, suka ce dalmar da ke cikin dutsen ce. Aka kankare ƙasar gidajenmu aka kwashe, aka zubo sabuwa. Mutane da yawa sun yi kuka sun haƙura, rayuwa ta ci gaba. Ke kuwa kika ɗauki kujerarki 'yar tsugunno kika dasa ta a zaure.

Kika sa aka kafa zana a waje, jikin katanga, aka ajiye randa da bokiti da sabulu. Duk namijin da ya dawo daga wurin dutse, can zai tsaya. Ya cire takalmi, ya rataye kayan aiki a waje, ya yi wanka, ya sa tufafi masu tsabta, sannan ya shiga ya taɓa yaro. Buhun dutse kuwa ko inuwar zauren ba ya shiga. Ba ki ɗaga wa ɗan cikinki ƙafa ba, balle jika, balle baƙo. Ni na sa miki suna Kwastan, har sunan ya bi gari. Wata rana na shafe jikina da garin dawa tun daga kai har ƙafa, na taho ina tangaɗi kamar wanda ya wuni a ramin zinari. Kika dangwali kafaɗata kika shinshina, kika ce, "Dawa ta, ɗan banza. Amma sai ka yi wanka, yara na kallo." Ruwan randa mai sanyi na sheƙa, kina zaune kina dariya.

Kalmar "haƙori ne" kuwa kin hana ta kwana a unguwarmu. Da kin ji yaro na zazzaɓi ko gudawa, ko ɗan wa ne, sai ki aiko a kira ni. Ki hau bayan babur da yaron a ƙirjinki, ki damƙe rigata, kina zagin tuƙina tun daga Yargalma har asibitin Bukkuyum. Kina cewa, "In haƙori na, likita shi hwaɗa da bakinai." Akwai samari da 'yan mata a garin nan yau da suke tafiya da ƙafafunsu saboda wannan taurin kai naki.

A 'yan watannin nan hankalinki yana kan Mardiyya, ɗiyar yayana Namadi da matarsa Zuhura. Ta fara rarrafe, yawu na dalala, hannu kullum a baki. Namadi kuwa ya koma aikin dutse tun da gonakin nesa suka daina nomuwa saboda rashin tsaro, kuma ban ga laifinsa ba, da shi yake ciyar da iyali.

Kaka, ga labarin da ba ki gani ba. Namadi yana can daji inda waya ba ta shiga, bai ji rasuwarki ba sai ranar sadakar uku. Da hantsi ya iso, ƙofar gida cike da masu gaisuwa, Baba na zaune a tsakiyarsu ya sunkuyar da kai. Kai tsaye daga rami ya taho, rigarsa da gashinsa fari fat da garin dutse, hawaye sun ja layi a fuskarsa. Ya nufi zaure. Kujerarki tana nan, ba kowa a kai. Ban san lokacin da na tashi na tsaya a bakin ƙofa ba.

Na ce, "Yaya, tsaya."

Ya ce, "Kauce, Sa'idu. Yau ba ranar wasanka ba ta."

"Na sani. Ga ruwa can bayan zana."

"Kakata ta mutu ban gane ta ba, kai kana yi mini zancen ruwa?"

Na ce, "Mardiyya na tsakar gida. Da ta gane ka, gare ka za ta taho."

Wasu samari suka fara murmushi, suna jiran su ga inda zan karkata abin ya zama dariya, don ba su taɓa ganina na tsaya a kan magana ba. Wani dattijo ya ce, "Yaro, yayanka na hwa. A bar shi shi shiga, yau ɗai." Namadi ya cakumi wuyan rigata. Kunya ta rufe ni a gaban manya, amma na kama gefen ƙofa da hannu biyu na ƙi saki.

Sai muka ji motsi a bayana. Hannun Zuhura ne kawai ya leƙo daga cikin gida, ta turo riga da wando wankakku a ninke, da sabulu a kai. Baba ya ɗago kai ya dubi Namadi ya ce, "Ɗauki."

Namadi ya sake ni. Ya ɗauka ya zagaya bayan zana, muna jin zubar ruwa, muna jin kukansa a ciki. Da ya fito ya shiga gida ya durƙusa gaban Inna, sannan ya ɗaga ɗiyarsa. Ta kama yatsansa ta gartsa masa sababbin haƙoranta. Ya yi dariya da jajayen idanu.

Ban iya wa'azi ba, Kaka, kuma tsokana ba zan bari ba, da ita Allah Ya halicce ni. Amma na gyara aikina na kabu-kabu yadda la'asar za ta riƙa yi mini a gida, lokacin da masu dutse ke dawowa. Na sari reshen dogon yaro na yanka wa yara asuwaki, kuma sun buɗe mini baki na duba, ko da yake suna ƙyalƙyala dariya. Mun yi magana da Namadi, za mu kai Mardiyya asibitin Anka a duba jininta, don hankalin kowa ya kwanta. Ya ce shi zai riƙe ta a bayan babur.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Dija. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka wanke ta daga zunubi fiye da yadda ta tsaya a wanke mu. Ka sa yaran da ta yi wa hidima su zama hujja gare ta ranar tsayuwa, Ka haɗa ta da Yahaya a Aljanna Firdausi, Ka sanyaya mata zuciyar da ta daɗe tana ƙuna saboda shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba Malam Yakubu da Innarmu Hajara, da 'yan'uwanta na Adabka, da jikoki da tattaɓa-kunne, da duk uwar da ta taɓa aiko mata da yaro marar lafiya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Masu zuwa gaisuwa, muna godiya, Allah Ya ba da lada. Gidan Malam Yakubu a buɗe yake ga kowa. Amma wanda ya taso daga wurin dutse, ko yayana ne, ko sa'an ubana ne, ya sani tun daga hanya cewa ni zai tarar a bakin ƙofa.

Jikanta,
Sa'idu Yakubu, Yargalma