Malamin da Na Tura Kan Dutse

Ni mutumin Ƙanƙara ne, kuma na yi shekaru da alli a hannuna kafin wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin koya wa malaman firamare yadda za su yi koyarwa da kwamfutar hannu. Tana da faɗin littafin rubutu, an zuba mata darussa da hotuna masu motsi, kowace makaranta guda ɗaya da farantin sola na caji. Na karɓi aikin da zafina. Ina da saurin fushi, kuma a lokacin ina ganin duk malamin da ya kawo uzuri malalaci ne.

A Faskari muka yi taron horon, kwana uku. Cikin malaman akwai wani dattijo daga wani ƙauye can bayan Sabuwa, a bakin daji, mai koyar da lissafi a aji huɗu. Ranar farko sai ya lashi yatsa kafin ya shafa gilashin, kamar zai buɗe shafin littafi. Aka yi ta dariya, shi ma ya yi. Amma kafin a tashi taron ya fi samarin iyawa, don shi ba ya jin kunyar tambaya.

Akwai doka guda. Kowace Alhamis malami zai nemi inda akwai sabis, ya tura rahoton mako, ya sauko da sababbin darussa. Wanda aka daina jin ɗuriyarsa, a karɓe kwamfutar a ba wata makaranta. Da na faɗi haka, dattijon ya ɗaga hannu.

"Malam, mu garinmu ba sabis. Sai bisa dutse, yamma da gari, wajen dajin."

"To, Baba, ka hau dutsen mana," na ce.

"Ka dai san abin da ake ce ma wanda aka gani da waya wajen nan."

Na sani. Wa ya kai ɗan Ƙanƙara sani? Tun da ɓarayin daji suka addabe mu, ba kalmar da ta kai infoma muni, wato wanda ke tsegunta musu mai shanu da mai kuɗi da lokacin da gari ya yi sakaci. Amma ina son in ga sunan kowace makaranta ya cika a rahotona. Na ce masa kowa ya san shi malami ne, ya bar wannan magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na tsaya daga waje ina gardama.

Bai taɓa fashi ba. Duk Alhamis bayan la'asar rahotonsa zai faɗo. Na riƙa yi wa sauran malamai gori da shi, ina cewa tsoho ya kunyata su.

Sau ɗaya na je makarantarsa, da damina, a bayan babur, hanya duk taɓo. Na tarar ya jingina kwamfutar a jikin tukunyar da ya kife, yara sun yi da'ira a ƙasa suna kallon yadda ake yanka lemo gida huɗu. Yana tsayar da hoton, ya ɗauko rogo ya yanka a gabansu, ya ce su faɗi kashi nawa ne. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya yi amfani da ita da kyau haka ba, kuma raina ya yi fari. Da zan tafi mai gari ya ja ni gefe.

"Yaro, ka hwaɗa ma malaminku shi bar hawan dutsen nan. Mutane na magana."

Na ce zan kawo takarda mai hatimi, a tara jama'a in yi musu bayani da bakina. Na koma gida, aiki ya sha kaina, na ce sai ruwa ya ɗauke.

Wata Juma'a da hantsi ɓarayi suka faɗa wa gonakin ƙauyen. Suka kore shanu, suka tafi da mutane, suka kashe wasu magidanta biyu. Jiya-jiya kuma, ranar Alhamis, an ga dattijon malamin a kan dutse yana ɗaga abu sama. Samarin gari suka same shi a gida, suka sa ya buɗe kwamfutar. A ciki akwai rajistar da ni na koya masa cikewa: hoton kowane yaro, sunansa, sunan ubansa, sana'ar uban. Ba su nemi wata shaida ba, suka rufe shi da duka. Liman ne ya kwanta a kansa, da ba don haka ba da sun gama da shi. Suka fasa kwamfutar, aka ba shi zuwa faɗuwar rana ya bar garin da ya koyar da rabin mutanensa.

Na same shi a Daudawa, gidan 'yarsa. Hannun damansa da aka karya ya ɗoru a karkace, ba ya iya riƙe ko cokali. Na zauna ina jiran ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba.

"Hannu ba komi, Malam," ya ce. "Sunana nike so. Ka tahi ka gaya masu ba ni ba ne. Kai za su ji maganarka."

Na yi alkawari. Amma hanyar ta ƙara lalacewa, aka daina bi, ni kuma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ran da na samu na je, ba kowa a ƙauyen. An sake kai musu hari, sun watse, wasu Sabuwa, wasu Funtuwa, wasu ba wanda ya san inda suka nufa. Kowa ya tafi da tabarmarsa da labarin malamin da ya sayar da su.

Tun daga nan nake bin su gida-gida, inda duk na ji an ce akwai ɗan garin. Wasu su saurara, wasu su ce Allah ya fi kowa sani. A Sabuwa na samu matar ɗaya daga cikin magidantan da aka kashe, tana surfe a wani kango da aka ba su aro. Na yi mata ta'aziyya, na yi bayani tun daga farko, har da maganar sabis da rahoton Alhamis. Ta ajiye taɓarya.

"To in ba ɓarayin suka aike shi ba, wa ya aike shi?"

"Ni ne, Hajiya."

Ta dube ni ta daɗe.

"Kai kuma me aka yi maka?"

Na ce ba a yi mini komai ba.