Wurin Zaman Ladidi

Na'urar sautin da na saya kwanan baya lasifika biyar gare ta: uku a gaba, biyu a bayan kujera. Idan za ka daidaita su, sai ka danna maɓalli, wata ƙara mai kamar yayyafi a kan kwano ta riƙa zagayawa daga wannan lasifika zuwa waccan, kana ƙara wa mai rauni, kana rage wa mai ƙarfi. Abin da ka daidaita a tsarin fim kuwa ba ya bin ka zuwa tsarin kiɗa. Kowanne sai an sake masa nasa. Na daɗe ina aikin sauti a gidan rediyo, amma ranar da na fara jin ƙarar nan tana zagaya falona, Iya na tuna.

Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba, kuma makauniya. Gidanmu a Tiga yana kusa da babbar magudanar ruwan noman rani. Bayan an sauke tuwo, takan zauna gefen murhu tana tura kara cikin wuta, mu kuma ta jera mu da kunne. Yayana Bala, mai murya kamar gangar noma, can bakin rumbu. Ƙanwarmu Ladidi, wadda ko kuka take sai ka matso za ka ji, a gindin ƙafarta. In waƙa za a yi, ta sake jeri, ta mai da Ladidi baya don kada amshi ya danne ta. In an koma tatsuniya, ta dawo da ita.

Ba ta farawa sai ta ce, "Ga ta nan tafe, wa ke gida?" Mu amsa ɗaya bayan ɗaya, "Ina nan."

Wani maraice muka gama waƙa, Bala ya matsa mata da roƙo, sai ta shiga tatsuniya ba ta sake jeri ba. Ta yi kira, muka amsa, daga tabarmar baya ma aka amsa.

Labarin matar wani masunci ne, wadda kullum magariba take kiran 'ya'yanta daga cikin ɗaki ba tare da ta leƙo ba. Autarta ƙaramar murya gare ta, har uwar ta saba da jin ta sama-sama. Ashe akwai wani abu a cikin kogi da yake saurare. Ya koyi sunan yarinyar, ya koyi amsarta. Ranar da ya janye ta, shi ya amsa. Damina guda uwar tana kira, ana amsawa, tana ajiye tuwo a bakin ƙofa, ana cinyewa.

"Rannan ta fito da fitila," in ji Iya, "ta taɓa tabarmar yarinyar, ta ji ta sharkaf..."

Sai Iya ta katse tatsuniyar. Karan da ke hannunta ya ci gaba da ci.

"Ladidi fa?"

"Ai ta amsa, Iya," Bala ya ce. "Har ta fi ni ƙarfi yau."

"Shi ne abin. Daga bayan can na ji ta tangaram, kamar a kunnena. Yaushe Ladidi ta yi wannan muryar, kai mai kan tulu? Kira ubanku!"

Muka waiwaya. Tabarmar baya babu kowa.

Baba ya fita da tocila, ko takalmi bai sa ba. A bakin magudana ya same ta, zaune a kan siminti, ƙafafunta biyu cikin ruwa, jikinta zafi kamar garwashi. Tun ana waƙa zazzaɓi ya ɗebe ta ta fita. Ruwan wurin yana da ƙarfin ja, ya sha cinye awaki. Da aka tambaye ta, cewa ta yi Iya ce take kiranta daga can.

Baba ya tsare mu ɗaya-ɗaya yana tambayar wanda ya amsa a madadinta. Babu wanda ya ce shi ne. Na sake tambayar Bala bayan ya yi furfura, ya rantse ba shi ba ne. Ni dai na san ba ni ba ce, kuma na ji amsar da kunnena.

Iya ba ta ƙarasa tatsuniyar ba har ta rasu. Ba ta kuma sake canza hira ba tare da ta sake jeri ba. Da na girma na gane ba ƙidaya take yi ba. Ta san nauyin muryar kowa a inda ta ajiye shi, shi ya sa amsar da ta fi kyau ita ce ta tayar mata da hankali.

Ladidi tana Kwanar Ɗangora yanzu da 'ya'yanta, har yau sai na matso nake jin ta. Ni kuwa duk lokacin da na sauya tsari, sai na sake sakin ƙarar nan ta zagaya. Ina bin ta har lasifika ta biyar. Sannan in kashe, in ɗan jira, ban waiwaya ba.