Yaya Odile da Minti Goma

Yayata Odile ta shiga jami'a tana da shekara sittin da ɗaya, kuma ni ne na fara yi mata dariya.

"Siyasar Faransa za ki karanta? Haba Yaya, ai ke ce siyasar."

Ba zolaya kaɗai ba ce. Shekara talatin da huɗu ta yi tana sakatariya a ofishin magajin garinmu, ƙauye mai mutum ɗari da tamanin a tsaunukan Cantal, inda shanu suka fi mutane yawa. Magajin gari biyar suka hau suka sauka a gabanta. Ita ke rubuta musu jawabi, ita ke riƙe da rajistar masu zaɓe, ita ta san wanda ba ya ga maciji da wane tun rikicin iyakar gona. Amma makaranta tun tana sha shida ta bari, lokacin da babanmu ya kwanta ciwo, kuma abin bai taɓa barin ranta ba.

Shekara uku tana tafiya jami'ar da ke birnin Clermont ranar Litinin, ta dawo Juma'a. 'Yan ajinsu Kaka suke ce mata, ita kuma tana cika su da cuku. Ta ci komai, sai jarrabawar baka ta ƙarshe. Takardar tambaya za ka zara, a ba ka awa ɗaya ka shirya, ka tsaya gaban malamai uku ka yi minti goma. Kuma dole maganar ta rabu kashi biyu, kowane kashi ya sake rabuwa biyu. Mutanen nan ko gaisuwa za ka yi musu, haka suke son ta.

Odile kuwa in ta ɗauko zance, sai ta biya ta gidan surukan kowa kafin ta iso. A watan Mayu suka ba ta maki shida cikin ashirin, ta faɗi. Ta same ni a garke, fuska a murtuke.

"Wai malamin cewa ya yi na san abubuwa, amma hira na yi musu. Gilbert, ni za a ce wa hira?"

"To ƙarya ya yi?"

Saura kaɗan ta kwaɗa mini bokitin madara.

Dama ɗaya ta rage mata, a watan Yuni. In ta faɗi sai maimaita shekara, kuma ba za ta iya ba, don mijinta Armand ya fara mance hanyar gida, likita ya ce a daina barinsa shi kaɗai. Sati uku ta yi tana raba komai biyu. Ko yadda ake miyar kabeji ka tambaye ta, sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Da farko dai..." Na ci dariya.

Ta je ta yi, ta dawo tana jiran sakamako. Bayan kwana takwas ina tatsa da safe, sai ga ta a ƙofar garke.

"Sha uku cikin ashirin," in ji ta.

Ihun da na yi har shanu suka zabura. Na ce, "Wace tambaya kika zaro?"

"Wai me ya sa mutanen karkara suka juya wa zaɓe baya. Kashi na farko na ba su abin da littattafansu suka ce. Kashi na biyu kuma labarinka na ba su."

"Nawa? Ni da ban taɓa fashin zaɓe ba?"

"Shi ya sa. Na ce na san wani makiyayi, tun shekarar da aka rufe makarantar ƙauyensu, duk ranar zaɓe sai ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya zo ya jefa ambulan ɗin ƙuri'a babu komai ciki. Na ce wannan bai juya baya ba. Zuwa yake da ƙafarsa ya gaya musu cikinsu babu wanda ya yi masa."

Na ajiye bokitin. Shekara ashirin da biyu ina wannan abu, ko matata ba ta sani ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Haba ƙanena. Kowa in ya shiga bayan labule sai ya ɗan jima yana sa takarda. Kai kafin labulen ya daina motsi ka fito. Kuma duk lokacin da aka buɗe akwati, ambulan ɗaya ce fanko."

"Amma ba ki taɓa nuna mini ba."

"Sirrin ƙuri'a ne, ba nawa ba. Su ma ban faɗa musu sunanka ba."

Na juya wajen shanun don kar ta ga idona. Da yamma na shiga gari na bi gida-gida ina faɗa wa mutane yayata ta yi digiri, har da waɗanda ba ma magana da su.