Gwaggo Mai Kati, Wadda Ta Hana Aron Katin Asibiti

Haihuwa da Aure

An haifi Gwaggo Mai Kati a shekarar 1961 a garin kakanninta. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta unguwarzoma. Ta kammala firamare, ta auri wani makaniki a 1981, kuma bayan shekara uku suka yi ƙaura zuwa unguwar baƙi da muke zaune a yau.

Rashin Ɗan Fari

A wancan zamani baƙin da ba su da takardun zama suna tsoron rubuta suna a asibiti, saboda haka idan yaro ya kwanta sai a ari katin ɗan maƙwabta. Haka ta yi wa ɗanta na fari. Katin aro ya nuna an yi wa mai shi rigakafin ƙyanda, malaman jinya suka tsallake allurar, ciwon ya ɗauke yaron a 1987.

Aiki

A 1989 ta fara shara a ƙaramin asibitin unguwa, daga baya aka mayar da ita tafinta. Ta yi ta zarya ofishin likita har ya amince a buɗe wa kowane yaro katinsa ba tare da neman takardun iyaye ba. Gida gida ta bi tana karɓe katunan aro. Wani direba ya ce mata ai ɗansa da ɗan wansa duk jini ɗaya ne, kati ɗaya ya ishe su, ta ce, "To gobe wan naka ya ci abinci, kai ka ƙoshi." Da yake baƙi ba sa daɗewa a ɗaki ɗaya, ta riƙa ajiye kwafin kowane kati a akwatin ƙarfe. Daga akwatin nan na san maganin da jikin 'yata ba ya karɓa, bayan namu katin ya ɓace a tashin gida.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Litinin, 6 ga Maris 2023, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a maƙabartar unguwa bayan azahar. Ta bar 'ya'ya uku: malamar jinya, mai walda, da autarta mai ɗinki. Bayan kwana uku mu iyaye maza huɗu muka ɗauki akwatin muka kai asibiti, kuma ba mu tashi ba sai da aka ba shi wuri. Akwai kati ɗari shida da goma sha ɗaya a ciki. Na saman duka na ɗanta na fari ne, da ta rubuta da hannunta, babu allura ko ɗaya a kai.