Injiniyan da ya tsare masaƙa

Injiniya ake ce masa, alhali ko aji uku bai gama ba. Aikinsa a masaƙar gwamnati shi ne shafa wa injuna giris. Da yaƙi ya iso garin, manaja ya gudu, ma'aikata suka watse, matarsa ta kwashi yara ta tsallaka iyaka. Ta roƙe shi har da hawaye ya bi su. Ya ce mata inji in ya kwana biyu ba a juya shi ba sai ya cije, ta yi gaba, yana nan tafe. Shekara tara ke nan, kuma a can ta rasu.

Kowace safiya yakan bi injunan saƙa arba'in ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya ɗiga mai, ya juya su da hannu. Inda harsashi ya huda kwano, ya liƙe da kwalta. Mai shayin bakin ƙofa yakan tsokane shi, wai ya bar mace ɗaya ya auri arba'in, kuma duk bebaye. Sai ya yi murmushi, bawan Allah, ya ce ai ranar da suka buɗe baki unguwar nan ba mai jin kiran wani. Burinsa ke nan a duniya: ya sake jin ƙararsu.

Da aka yi sulhu, sabuwar gwamnati ta kafa hukumar jawo masu zuba jari, ta ce an daina raba kayan gwamnati a ɗaki, sai a bainar jama'a. Duk sanda aka ce baƙi na zuwa, sai ya wanke rigar aikinsa ya tsaya a ƙofa tun hantsi. Sau huɗu ba wanda ya zo.

A na biyar wata jami'ar hukumar ta kawo wanda ya sayi masaƙar. Ta gaya masa cewa cikin masana'antu goma sha biyu, tasa kaɗai ta sami mai so, don ita kaɗai ba a wawashe ba. Baƙon ya juya wani inji da yatsa ɗaya, ya jinjina kai, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Jami'ar ta fassara wa Injiniya.

"Baba, ya ce bai taɓa ganin riƙo irin naka ba. Amma an daina ƙera kayan gyaransu ko'ina. Sababbi zai kawo."

Injiniya ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa.

"'Yata, a tayar mini da guda ɗaya kafin a fitar da su."

Aka kawo janareta. Injin ya yi tari, ya girgiza, ya kama. Ya kira babbar 'yarsa a waya, ya kara wayar a jikin ƙarfen don ta ji. Ta ce ba ta jin komai sai hayaniya, ya kira ta anjima. Sauran mutane suka fita waje saboda ƙara. Shi kaɗai ya tsaya, tafinsa a kan injin, har man janareta ya ƙare.

Bai ga buɗe sabuwar masaƙar ba. An same shi ya rasu a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, wata biyu bayan an fitar da inji na ƙarshe. Allah ya jiƙanka, Injiniya.